Kimiyyar Kwantam da Labarin Ƙarfin da Ya Game Duniya

[Kiɗan buɗe shiri]

 

Yau daga gidan sinima za mu ɗauko zancen. A watan Mayun 1977 aka fara nuna wani fim a Amurka mai suna Star Wars, wanda George Lucas ya rubuta kuma ya ba da umarni. Ko wanda bai taɓa kallonsa ba, da wuya a ce bai ga hoton jaruman nan masu takubban haske ba. Amma ba takubban ne ƙashin bayan labarin ba. Ƙashin bayansa wani ɓoyayyen ƙarfi ne da suka sa wa suna Force, wanda labarin ya ce babu inda babu shi. Wanda ya horar da zuciyarsa yakan iya sarrafa shi: ya ɗaga dutse bai taɓa shi ba, ya juya tunanin mai gadi, ya ji a jikinsa cewa masifa ta afka wa wata duniya mai nisan gaske. Labarin ya shiga ran mutane har ta kai a ƙidayar jama'a ta 2001 a Ingila da Wales, mutum kimanin 390,000 suka rubuta Jedi, wato sunan jaruman fim ɗin, a gurbin addini. Akasarinsu wasa suke yi, amma wasan ma ya nuna inda labarin ya kai.

Ƙannenmu masu kallon Naruto sun san cakra. Mu kuma da muka taso da fina-finan kunfu mun sha ganin dattijo mai farin gemu ya tattara ƙarfin cikinsa a tafin hannu ya watsar da ƙarti goma. Masu shirya waɗannan fina-finai arowa suka yi daga tsofaffin al'adu. Mutanen Sin sun fi shekara 2,000 suna rubutu a kan chi, wani kuzari da suka ce yana zagaya jiki da sararin duniya. Mutanen Indiya kuma suna da nasu, prana.

Da a nan zancen ya tsaya, da ba mu kawo shi wannan fili ba. Tun daga shekarun 1970 wata magana ta fara yawo, cewa wai kimiyyar zamani, musamman kimiyyar kwantam, ta tabbatar da wannan ƙarfi. A 1975 wani masanin fiziks mai suna Fritjof Capra ya fitar da littafinsa The Tao of Physics, inda ya jera kamannin da yake gani tsakanin sabuwar kimiyya da falsafar Gabas. A 1989 likita Deepak Chopra ya fitar da Quantum Healing. A 2006 aka samu The Secret na Rhonda Byrne, 'yar Ostareliya, wanda ya koyar da cewa tunanin mutum yana jawo masa abin da ya ƙudurta a rai. Yau kuwa maganar ta sauko cikin wayoyinmu, a gajerun bidiyo, har ta iso kasuwanninmu.

To, gaskiya ne? Amsata ita ce a'a. Sai dai a'a ce mai buƙatar bayani, don waɗanda suka ga kama ba a banza suka gan ta ba. Biri ya yi kama da mutum. Aikinmu yau shi ne mu duba inda kamar take, da inda ta ƙare.

Kimiyyar kwantam reshe ce ta fiziks da ke bayanin halayyar abubuwa mafiya ƙanƙanta: ƙwayar zarra, da ilektaron da ke cikinta, da ƙwayar haske. Ku dubi rular ɗan makaranta. Tsakanin ƙananan layuka biyu, wato milimita 1, za a iya jera ƙwayoyin zarra miliyoyi.

Asalinta kuwa tambaya ce da kowane maƙeri yake gani da idonsa. Ka sa ƙarfe a wuta, ya yi ja, ya koma ruwan lemo, in zafi ya ƙaru ya yi fari. Masana na ƙarni na 19 sun auna wannan haske da kyau, amma lissafinsu ya ƙi dacewa da awon. A watan Disamban 1900, a birnin Balin, Max Planck ya nuna cewa lissafin yana daidaita ne kawai idan aka ɗauka makamashi ba ya fita a zube, sai dai ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da girmansa ƙayyadadde. Ya kuma fitar da lambar da ke ƙayyade girman. Ƙanƙantarta ta wuce misali: sifili, ɗigo, sai sifili 33 a jere, sannan 6626. Wannan ƙanƙanta ce dalilin da ya sa ba ma ganin abubuwan mamakin kwantam a tukunya ko a keke. A 1905 Albert Einstein ya nuna shi kansa haske ƙunshi-ƙunshi yake tafiya. A 1913 Niels Bohr, ɗan ƙasar Denmak, ya nuna ilektaron a cikin ƙwayar zarra ba ya zama inda ya ga dama, yana da matakai ƙididdigaggu. A 1925 Werner Heisenberg, yana ɗan shekara 23, ya tsara cikakken lissafin farko a tsibirin Helgoland, a 1926 kuma Erwin Schrödinger ya zo da nasa. Cikar wannan aiki shekara 100 ce ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantam, kuma ƙasar Gana ce ta gabatar da ƙudurin a zauren majalisar.

Ina so ku riƙe abu ɗaya daga wannan tarihi. Tun daga ranar farko, maganar lamba ake yi. Makamashi a wurin masanin fiziks ba wani hayaƙi ba ne mai yawo a sarari. Adadi ne da ake aunawa, kuma ma'auninsa jul. Yunit 1 da kuke saya na wutar lantarki jul miliyan 3.6 ne. Tuwon da kuka ci yana da nasa adadin, harsashi a guje yana da nasa. Makamashi yana sauya kama, daga man fetur zuwa motsi, daga motsi zuwa zafi, amma jimillarsa ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Saboda haka duk wanda ya ce maka wani makamashi yana fita daga hannunsa ko daga sarƙar da yake sayarwa, ya buɗe ƙofar a tambaye shi: jul nawa ne, daga ina ya zo, da me aka auna shi?

Kimiyyar kwantam tana amsa irin waɗannan tambayoyi, kuma amsoshin suna aiki. Rediyon da kuke saurarena da shi, taransista ce a cikinsa, wadda aka ƙirƙiro a 1947 bisa fahimtar yadda ilektaron ke tafiya a cikin daskararrun abubuwa. Wayar hannu tana ɗauke da biliyoyinsu. Farantin sola da ke kan rufin masallacin unguwa, da farar tocilan mai caji, da hasken leza, da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI, duk 'ya'yanta ne. Shi kansa sakan, tun 1967 ake ƙayyade shi da kaɗawar hasken da ke fita daga ƙwayar zarrar siziyam, sau 9,192,631,770. Akwai wata siffa ta ilektaron, ƙarfin maganaɗisunsa, wadda aka lissafa a takarda aka kuma auna a ɗakin gwaji, lambobin biyu suka dace har wuce gurbi 10 bayan ɗigo. Samun dacewa irin wannan tsakanin hasashe da awo abu ne mai wuyar gaske a duk faɗin ilimin ɗan Adam.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan kimiyyar kwantam da labaran ƙarfin da aka ce ya game duniya.

Wani zai ce: Malam, ai ku ma masu kimiyya kun yarda akwai abin da ya cika sarari duka. Haka ne. A fahimtar yau, kowane irin ƙwaya yana da fili nasa da ya mamaye ko'ina, ƙwayar kuwa motsi ce a cikin wannan fili. Akwai filin ilektaron, akwai filin haske. A 1964 Peter Higgs da wasu masana suka ce lallai akwai wani fili na daban da ke ba wa ƙwayoyi nauyinsu. Nan kama ta fito sosai: abu ne da ba a gani, yana ko'ina, yana ratsa jikina da naku.

Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Higgs bai ce a yarda da shi don maganarsa ta yi daɗi ba. Lissafin ya faɗi irin ƙwayar da za a gani in filin gaskiya ne, da irin yadda za ta tarwatse. Aka jira shekara 48. Aka gina na'ura a cikin wani rami mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan, a cibiyar CERN, sannan a ranar 4 ga Yulin 2012 aka sanar da ganin ƙwayar. Da ba a gan ta ba, da an ajiye maganar. Kuma an taɓa ajiye irinta. Masanan ƙarni na 19 kusan dukkansu sun yarda akwai wani abu mai suna ether da ya cika sarari, wanda haske ke bi ta cikinsa. A 1887 Albert Michelson da Edward Morley suka yi gwaji a birnin Cleveland don su kama alamarsa, ba su ga komai ba. Sannu a hankali kimiyya ta saki wannan tunani, duk da manyan malaman da suka riƙe shi.

Sannan waɗannan filaye ba su san mai rai da marar rai ba. Ilektaron da ke cikin zuciyar mutumin kirki, shi ne dai irin wanda ke cikin tsakuwa. Ba su da ɓangaren haske da ɓangaren duhu irin na fim, ba su jin roƙo, ba su fifita wanda ya natsu a kan wanda ya fusata.

Inda aka fi ruɗuwa shi ne abin da ake kira sarƙewa, kuma a nan zan ɗan daɗe, don ya cancanci a daɗe. Ana iya samar da ƙwayoyin haske biyu tare, a raba su, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. In aka auna su ta fuska ɗaya, sai a tarar sakamakon wannan ya dace da na waccan, komai nisan da ke tsakani. Da jin haka sai mutum ya ce, to mene ne abin mamaki? In na raba takalmi, na ƙunshe ƙafa ɗaya na ba ɗan'uwana ya tafi da ita Legas, na ajiye ɗaya a Kano ban duba ba, ranar da na buɗe na ga hagu, nan take na san dama ce a Legas. Babu saƙon da ya tafi, tun a gida aka gama rabo. Kusan haka Einstein ya ɗauki lamarin a wata maƙala da ya rubuta a 1935 tare da Boris Podolsky da Nathan Rosen: lallai ƙwayoyin suna ɗauke da amsarsu tun daga tushe, mu ne dai ba mu sani ba.

Kusan shekara 30 maganar tana matsayin muhawara, har a 1964 John Bell, mutumin Belfast, ya gano hanyar raba gardama. Ya nuna cewa in ƙwayoyin kamar takalman nan suke, akwai iyakar da dacewar sakamakonsu ba za ta wuce ba idan ana sauya fuskar awo. Lissafin kwantam kuwa ya ce za ta wuce. John Clauser ya gwada a 1972, Alain Aspect ya gwada a Faransa a 1982, Anton Zeilinger da wasu suka ci gaba da toshe duk wata kafar shakka. Dacewar ta wuce iyakar Bell. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2022. A 2017 masana a Sin suka yi amfani da tauraron ɗan Adam mai suna Micius suka nuna sarƙewa tsakanin tashoshi biyu masu nisan kilomita 1,200. Ashe ƙwayoyin ba kamar takalma suke ba. Wannan abin al'ajabi ne na gaske, kuma ni kaina duk lokacin da na zauna na yi tunaninsa sai tsigar jikina ta tashi.

To amma ga abin da masu tallar ɓoyayyen ƙarfi ba su faɗa. Wanda yake gabas ba shi da ikon zaɓar sakamakon da zai fito masa. Yana aunawa ne ya karɓi abin da ya zo, kuma abin da ke zuwa ba shi da tsari ko kaɗan. Na yamma ma haka. Kowannensu in ya dubi takardarsa shi kaɗai, ba zai ga komai ba sai lambobi barkatai. Dacewar ba ta bayyana sai sun haɗa takardun biyu, haɗawar kuwa sai ta waya ko ta wata hanya da ba ta fi haske sauri ba. Don haka ba a aika saƙo da sarƙewa, ba a tura ƙarfi da ita, ba a warkar da wanda ke wani gari da ita. Wannan ba ra'ayi ba ne, daga cikin lissafin kansa ya fito, lissafin nan dai da ya yi hasashen sarƙewar.

Ga kuma rauninta. Da zarar ƙwaya ta gogi iska, ko zafi ya taɓa ta, sarƙewar ta watse cikin abin da ke kewaye. Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera kwamfutar kwantam suke sanyaya wasu na'urorinsu har kusan digiri 273 ƙasa da sifili, sanyin da ya fi na sararin samaniya, su kuma killace su daga duk wata girgiza. Jikin mutum fa? Digiri 37 ne, ruwa ne da gishiri, komai a cikinsa yana karo da komai. A shekarar 2000 masani Max Tegmark ya lissafa tsawon lokacin da irin wannan yanayi zai iya daɗewa a cikin ƙwaƙwalwa, ya samu bai kai kashi 1 cikin tiriliyan 1 na sakan ba, alhali jijiyar ƙwaƙwalwa tana buƙatar kimanin kashi 1 cikin 1,000 na sakan kafin ta harba saƙo guda. Akwai manyan masana irin su Roger Penrose da ke ganin kwantam tana da hannu a cikin hankalin ɗan Adam. Ra'ayi ne da ba a tabbatar ba, kuma ko shi bai ce tunani yana ɗaga dutse ba.

Sai maganar da aka fi yayatawa, wai kwantam ta nuna cewa kallon mutum ne ke halittar abin da yake gani. Tushenta wani gwaji ne. A harba ilektaron ɗaya bayan ɗaya zuwa ga shinge mai ƙofofi biyu, a sa allo a baya. A 1989 Akira Tonomura da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi na Japan sun yi irin wannan. Kowane ilektaron ɗigo guda yake bari a allo, amma da ɗigogin suka taru sai suka yi layi-layi, irin zanen da igiyoyin ruwa biyu ke yi in sun haɗu, kamar kowane ilektaron ya bi ta hanyoyin biyu. In kuwa aka sa na'urar da za ta gane hanyar da ya bi, layukan sai su ɓace. Abin lura shi ne, na'urar ce ke ɓatar da su, ba idon mutum ba. A kunna ta, a kulle ɗakin, kowa ya tafi gida ya kwanta, layukan za su ɓace. Abu mai ƙanƙanta haka ba a gane inda yake sai wani abu ya yi mu'amala da shi, wannan mu'amala kuwa ita ce awon.

Gaskiya ne Eugene Wigner, wanda ya ci kyautar Nobel, ya taɓa rubutawa a farkon shekarun 1960 cewa hankali yana da rawar takawa a nan, amma daga baya ya janye. Gaskiya ne Schrödinger yana son karatun falsafar Indiya, Bohr kuma ya sa alamar yin da yang ta mutanen Sin a tambarinsa a 1947. Kuma har gobe masana ba su daidaita a kan ma'anar abin da ke faruwa a lokacin awo ba. Sai dai ba don falsafar da suke karantawa aka karɓi lissafinsu ba, an karɓe shi ne don ya ci jarrabawar gwaji. Kuma a cikin duk fassarorin da masana ke jayayya a kai, sakamakon gwaji ɗaya ne: burin mai awo ba ya karkatar da shi ko da ƙiris.

[Gajeren kiɗa]

Yanzu mu juya tambayar. Shi wannan ƙarfi na rai da ake cewa yana gudana daga mutum zuwa mutum, an taɓa gwada shi? An gwada, tun kafin a san kwantam.

A 1778 wani likita Bajamushe, Franz Anton Mesmer, ya sauka a Paris yana cewa akwai wani ruwa marar ganuwa da ya cika duniya, cuta kuwa toshewarsa ce a jiki. Masu kuɗi suka yi ta tururuwa. Sukan zauna kewaye da wani babban baho mai sandunan ƙarfe, wasu su yi ta kuka, wasu su suma, da yawa su ce sun sami sauƙi. A 1784 Sarki Louis na 16 ya kafa kwamitin bincike, a ciki har da Benjamin Franklin, jakadan Amurka, da Antoine Lavoisier, uban kimiyyar sinadarai ta zamani. Dabarar da suka yi mai sauƙi ce: su hana mutum sanin ko an yi masa aikin ko ba a yi ba. A lambun gidan Franklin, almajirin Mesmer mai suna Charles d'Eslon ya zuba wa wata bishiya wannan ƙarfi nasa. Aka kawo yaro ɗan shekara 12 da aka ce yana jin ƙarfin sosai, aka rufe masa ido, aka riƙa kai shi gindin wasu bishiyoyi daban. Yana ta cewa abin yana ƙaruwa, har ya faɗi sumamme a gindin ta huɗu, wadda ba a yi mata komai ba. Wata mata kuma ta shiɗe da aka miƙa mata kofin ruwa na banza, daga baya ta sha wanda aka yi wa aikin lafiya lau, don ba ta san shi ne ba. Kwamitin ya yanke cewa suman gaskiya ne, amma daga zato yake fitowa, ruwan kuwa babu alamarsa.

Bayan shekara fiye da 200, wata yarinya 'yar shekara 9 a jihar Colorado ta Amurka, Emily Rosa, ta maimaita wannan dabara a aikin makaranta. A lokacin akwai ma'aikatan jinya da yawa da ke cewa suna jin filin makamashin majiyyaci da tafin hannunsu ba tare da sun taɓa shi ba, har su gyara shi. Emily ta kafa kwali mai ramuka biyu. Mai aikin ya zuro hannuwansa ta ciki, ba ya ganin ta. Ita kuma ta jefa kwabo ta zaɓi hannu ɗaya, ta ɗora nata a samansa ba tare da taɓawa ba, ta ce ya faɗi wanne ne. Mutum 21 suka yarda aka gwada su, gwaji 280. Mai cinta kawai ana sa ran ya dace a rabi. Su sun dace a kashi 44 cikin 100. An buga sakamakon a 1998 a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, Emily tana da shekara 11. Kwali da kwabo ne duk kayan aikinta.

Ba ina cewa waɗannan ma'aikata maƙaryata ne ba. Yardarsu da a gwada su ma ta nuna sun gaskata abin da suke yi. Kuma majiyyacin da aka zauna kusa da shi, aka saurare shi, aka kwantar masa da hankali, yakan ji sauƙi na gaske. Motsa jikin taichi na mutanen Sin yana taimaka wa tsofaffi su rage faɗuwa, bincike ya nuna haka. Amfanin abu daban, bayanin da aka ba shi daban.

A nan ina so in yi magana da 'yan'uwana masu imani, don na san tambayar tana ransu. Wani zai ji kamar ina musun gaibu ne. Ko kusa. Kimiyyar kwantam ba ta tabbatar da ruhi ba, ba ta kuma kore shi ba, domin ba abin da take aunawa ba ne. Ita da abin da ke amsa ma'auni take aiki. Malamanmu tun da can sun sanya sha'anin ruhi cikin abin da saninsa yake wurin Allah. Abin da nake jin tsoro shi ne saurayi mai kyakkyawar niyya ya ɗauko bidiyon da ya gani ya ce ga kimiyya ta tabbatar da addu'a, ko ta gano ruhi. Ya jingina abu mai girma a jikin fahimtar da ba daidai ba, ranar da wani ya warware masa kuskuren sai zuciyarsa ta girgiza a banza. Zanen aro ba ya rufe katara. Haka ma tsohuwar falsafar Sin da ta Indiya, sun cancanci a karanta su a matsayinsu, da tambayoyin da suka zo amsawa. George Lucas kuwa bai taɓa cewa fim ɗinsa darasin fiziks ba ne. Tatsuniya ce, kuma tatsuniya tana da nata aikin.

Wanda ya dame ni shi ne ɗan kasuwa. A watan Disamban 2021 hukumar kula da kariya daga tururin nukiliya ta ƙasar Holan ta gargaɗi jama'a a kan kayayyaki 10 da ake sayarwa da sunan kariyar lafiya, a ciki har da wani abin wuya mai ɗauke da sunan kwantam. Da aka auna su, sai aka tarar su kansu suna fitar da tururi mai iya cutar da fata in an daɗe ana sawa. Hukumar ta ce a daina amfani da su.

Mu ma a garuruwanmu abin ya iso. Da yawa daga cikinku sun ga na'urar nan da ake haɗawa da kwamfuta, a ba ka wani ɗan ƙarfe ka riƙe na kamar minti 1, sai ta fitar da shafuka a kan hantarka da ƙodarka da jininka da ƙashinka, daga nan a nuna maka maganin da za ka saya. Ana ce mata na'urar kwantam, ana cewa maganaɗisun ƙwayoyin jikinka take karantawa. Ku gwada wannan da abin da ake yi a asibiti. Na'urar MRI, wadda da gaske da ƙa'idar kwantam take aiki, tana buƙatar maganaɗisu mai ƙarfin da ya ninka na duniya kimanin sau 30,000, da ɗaki na musamman. Maganaɗisun da ƙwaƙwalwa ke fitarwa kuwa ya fi na duniya rauni sau miliyoyi, ba a kama shi sai da na'urori masu tsananin ji, galibi a ɗakin da aka killace. Ƙarfen da aka riƙe a hannu a bakin titi, babura suna wucewa, ba shi da hanyar sanin halin da ƙodarka take ciki.

Dabarar Emily tana hannun kowa. Kafin a fara, mai na'urar yakan tambayi shekarunka da tsawonka da nauyinka ya shigar. Ka ce a sake gwada ka bayan minti 10 da wasu shekarun daban, ka ga ko cututtukan za su tsaya yadda suke. Ko ka ce a naɗe ƙarfen da jiƙaƙƙen tsumma a ga ko shi ma za a samo masa ciwon hanta. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Kuma ina roƙonku, iyayena da 'yan'uwana, wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na ciwon suga, kada ya ajiye shi saboda takardar da irin wannan na'ura ta fitar. Wanda kuma ta ce masa lafiyarsa ƙalau alhali yana jin ciwo a jikinsa, ya je asibiti a ɗebi jininsa a auna.

Lokacinmu ya ƙare. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda farantin sola ke mayar da hasken rana wutar lantarki, da dalilin da ya sa ƙurar hunturu da tsananin zafi suke rage masa ƙarfi.  

[Kiɗan rufe shiri]